Tallafin bincike na TETFund da jarin ɗalibai a jami'o'inmu: inda yake aiki da inda ake maƙalewa

Malamin jami'ar gwamnati da ya ce maka babu kuɗin bincike a Najeriya, yawanci ɗayan biyu ne: ko bai taɓa taka ofishin bincike na makarantarsa ba, ko ya taɓa nema sau ɗaya aka yi ta yi masa je-ka-ka-dawo har ya haƙura. Kuɗin suna nan. Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar da suke bi daga asusu zuwa ɗakin gwaje-gwaje, da kuma wadda sakamakon binciken ya kamata ya bi daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa kasuwa. A kan waɗannan hanyoyi biyu za mu auna hidimar da jami'o'i ke yi wa mai bincike da ɗalibin da ke son kafa kamfani.

Kusan duk kuɗin bincike na cikin gida daga TETFund suke fitowa, wato asusun tallafa wa manyan makarantu. Asusun ɗan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ne, lokacin da Attahiru Jega ke shugabancin ƙungiyar: yarjejeniyar 1992 da gwamnatin soja ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, dokar 2011 kuma ta ba shi sunansa na yanzu, ta keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati. Harajin ya faro daga kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ya koma 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, ya kai 3 a 2023. Ana raba shi ne biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Jami'a mai zaman kanta ba ta da rabo a ciki. Ɗalibi ma ba ya nema da sunansa, kuma wannan batu ne da za mu dawo kansa.

Ƙofa ta farko ita ce IBR, ƙaramin tallafin da ake nema ta hannun makarantar da mutum yake aiki. Shekaru da dama iyakarsa naira miliyan 2 ce ga bincike ɗaya, na tsawon shekara guda. Malami zai rubuta kundin neman tallafi da kasafi da jadawalin aiki, kwamitin bincike na jami'a ya tantance, sannan a haɗa waɗanda suka tsallake a tura Abuja a dunƙule. In an amince, a saki kashi 60 tukuna, wato miliyan 1 da dubu 200 ga wanda ya samu cikakkiyar miliyan 2. Ragowar kashi 40 sai an ga rahoto da shaidar cewa an buga sakamakon a mujallar da ake ji da ita. Ga ƙaramin malami wannan makarantar koyon neman tallafi ce mai kyau, kuma duk wanda ke da niyyar neman babba gobe ya kamata ya fara da ita. Amma a san iyakarta. Miliyan 2 za ta ɗauki binciken tambayoyi a ƙananan hukumomi biyu ko uku, ko gwajin gona na damina ɗaya. Ba za ta ɗauki aikin da ke buƙatar sinadaran da ake shigowa da su daga waje ba. Raunin tsarin kuma yana cikin dunƙulewar: idan wasu daga rukunin baya ba su kawo rahoto ba, ko ba su ba da ba'asin kuɗin da suka karɓa ba, sabon rukuni yakan tsaya. Wanda bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Kafin malami ya ɓata wata guda yana rubutu, ya tambayi jami'in da ke riƙe da teburin TETFund a makarantarsa ko an rufe lissafin rukunin da ya gabata.

Ƙofa ta biyu, NRF, wato babban tallafin bincike na ƙasa, ita ce ta fi cancantar yabo. Gasa ce ta ƙasa baki ɗaya, kuma bincike ɗaya yakan samu har naira miliyan 50, na kimanin shekara biyu. A zamanin Farfesa Suleiman Bogoro asusun ya tashi daga biliyan 5 a 2019 zuwa biliyan 7.5 a 2020, sannan biliyan 8.5 a 2021. An kasa shi gida uku: ilimin ɗan Adam da zamantakewa, kimiyya da injiniyanci da fasahar ƙirƙira, sai kuma binciken da ya ratsa fannoni. Matakan a fili suke. A fara da gajeren bayanin bincike ta shafin intanet, waɗanda suka tsallake a nemi cikakken kundi, waɗanda suka tsallake wannan kuma a kira su su kare aikin baki da baki gaban kwamitin masana. Tankaɗe da rairaya sau uku ke nan, kuma da wuya aiki mara tushe ya kai ƙarshe.

Mafi yawan masu faɗuwa a gajeren bayanin suke faɗuwa, kuma dalilan ba sa canzawa. Wani zai ɗauko kundin digirinsa na dakta ya yi masa kwaskwarima, alhali tambayar da kundin ya yi an riga an amsa ta. Wani zai sa take mai faɗin gaske, irin su matsalar noma a Arewa, wanda miliyan 500 ma ba za ta ƙare shi ba. Abin da ke wucewa shi ne mai iyaka: asarar tumatir bayan girbi a Kadawa da Kura, na'urar busarwa mai ɗaukar kwando kaza a yini, wa zai ƙera ta, wa zai saya, nawa manomi zai biya. Wani kuma zai cika tawagarsa da abokan sashensu su biyar, dukkansu fanni ɗaya, bayan ana fifita tawagar da ta haɗa fannoni da makarantu. In aikin na'urar busarwa ne, a sa injiniya, a sa masanin abinci da zai auna danshi da ƙwayoyin cuta, a sa masanin tattalin arzikin noma da zai fitar da farashi, a kuma sa ɗaliban digiri na biyu da na uku da sunayensu da aikin kowa. Kasafin da rabinsa tafiye-tafiye da kwamfutoci da taron ƙara wa juna sani ne ba ya burge kowa a kwamitin. Sannan akwai masu jiran daren ƙarshe kafin su ɗora takardunsu, lokacin da dubban mutane suka yi wa shafin rubdugu. A ɗora da kwana uku a hannu.

Wajen kare aikin kuwa, tambayar da ta fi kada mutane ita ce mafi sauƙi: bayan wata 24, me za ka ajiye a kan tebur mu gani? Wanda ya amsa da cewa zai buga maƙala uku ya amsa rabi. A shirya amsar da ke da abu a cikinta: samfurin na'ura, iri da aka gwada a wurare uku, kundin bayanai da ma'aikata za ta iya aiki da shi.

To, an ci gasa, an karɓi takarda, an ɗauki hoto. Daga nan ne darajar hidimar ke raguwa, kuma laifin ya fi karkata ga yadda makarantu ke tafiyar da kuɗin a cikin gida.

Kuɗin ba asusun mai bincike suke shiga ba, asusun makaranta suke sauka, kuma kashi-kashi ake sakin su, kowane kaso sai an ga rahoton na baya. Don ya taɓa ko sisi, mai bincike zai rubuta takarda ta bi ta ofishin bincike, ta je wa shugaban jami'a, ta sauka wajen odita, ta ƙare a ofishin basa, wato ma'ajin jami'a. Kayan aiki masu tsada kuma sai sun bi dokar sayen kayan gwamnati ta 2007: farashi daga masu kaya aƙalla uku, amincewar kwamiti, shigar da kayan cikin littafin sito kafin a biya. Ba mu ga aibun ƙa'idojin ba, dukiyar jama'a ce. Aibun shi ne ana bi da takardar mai bincike a layi ɗaya da takardar gyaran famfo da sayen tayar mota, alhali bincike yana da agogonsa. Damina a Kano daga Yuni ce zuwa Satumba. Mai gwajin gero ko wake da kuɗinsa suka fito a ƙarshen Agusta ya yi asarar shekara guda cur daga shekara biyun da aka ba shi, sai dai in yana da filin rani. Mai binciken zazzaɓin cizon sauro da ya rasa watannin da cutar ke tsananta haka abin yake. Jami'ar da ta ware akanta guda ko biyu a cikin ofishin bincike, waɗanda ba su da wani aiki sai takardun tallafi, ta warware rabin wannan matsala ba tare da ta kashe ko kwabo ba. Wannan shi ne ma'aunin farko da za a auna ofishin bincike da shi: kwana nawa takarda ke yi daga hannun malami zuwa shigar kuɗi?

Sai batun dala. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Miliyan 50 da ta kai kusan dala dubu 108 ta koma wajen dala dubu 33. Duk wanda ya rubuta kasafinsa kafin wannan sauyi, kuma aikinsa na sinadarai da na'urorin waje ne, ya tarar da kashi biyu cikin uku na ƙarfin kuɗinsa sun tafi. Dabarar da ta rage ita ce a sayi duk abin da ke da alaƙa da dala daga kason farko, a bar alawus da bugun maƙala zuwa na baya. A kuma tabbatar farashin da mai kaya ya bayar ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da harajin da ake cirewa tun daga tushe, don in ba a yi maganar ba tun farko, ranar biya za a yi ta, ko dai ya ƙara kuɗi ko ya rage kaya.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa a kasafi, wato wuta. Sinadaran gwajin ƙwayoyin halitta da yawa sai a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili suke zama, wasu samfuran jini da nama sai a 80 ƙasa da sifili. Firiza ta kwana biyu babu wuta a watan Afrilu, aikin wata shida ya lalace, kuma ba za a gane ba sai sakamakon gwaji ya fara fitowa a hargitse. Inbata da batura da faifan sola na firiza kaɗai, da ɗan ma'aunin da ke rubuta zafi da sanyi dare da rana, su shiga kasafi a matsayin kayan bincike. Haka izinin kwamitin ɗa'a ga duk aikin da ya shafi mutane: a nema tun ana jiran sakamakon gasa, don yakan ɗauki makonni, kuma mujallar kirki ba ta karɓar aikin da aka fara kafin izini. Wajen ritayar kuɗi kuma, wato ba da ba'asin yadda aka kashe su, leburan gona da masu zagayawa da takardun tambayoyi ba su da rasit. A tanadi takardar biya mai suna da kwanan wata da adadin kuɗi da sa hannu ko dangwale, a cike ta a ranar, a filin. Wanda ya bari sai bayan wata takwas zai haɗa ta, odita zai gane, kaso na biyu kuma ya maƙale. Yajin aiki shi ma sai a sa shi cikin lissafi: na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma shuka da dabbobin gwaji ba su san an rufe makaranta ba.

Hanya ta biyu, daga bincike zuwa kasuwa, ita ce ta fi rauni, duk da cewa muna da misalin yadda ake yin ta a gida. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, ta fitar da irin masara SAMMAZ da dawa SAMSORG da wake SAMPEA da gyaɗa SAMNUT, kuma manomi yana samun su a shagon iri. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar da kazar ƙwai Shika Brown. Abin da ya kai su kasuwa sarƙa ce mai zobe-zobe: kwamitin ƙasa da ke amincewa da sabon iri, irin asali daga hannun mai bincike, irin tushe, sannan irin da hukumar iri ta tantance wanda kamfanoni ke sayarwa. Kowane zobe akwai mai riƙe da shi. Injiniyan da ya ƙera injin sussuka ko masanin haɗa magunguna da ya fitar da wani man shafawa ba shi da irin wannan sarƙa. Hukumar samo fasaha da bunƙasa ta, NOTAP, ta buɗe ofisoshin kare haƙƙin ƙirƙira a makarantu da dama, kuma tana taimakawa wajen yin rajistar ƙirƙira, wadda ke ba da kariyar shekara 20. TETFund ma ta fito da shirin TETFAIR tare da cibiyar ƙirƙira ta Innov8 Hub a Abuja, inda tawagar malamai ke mayar da tunani samfuri. Duka abin a yaba ne. Amma tsarin ƙarin girma na malamai maƙala yake ƙirgawa, don haka kowa gaggawar bugawa yake yi, kuma abin da aka riga aka bayyana wa duniya ya daina zama sabo a idon dokar ƙirƙira. A shigar da takardar rajista tukuna, sannan a aika maƙala ko a kai abin baje koli. A kuma sani cewa ofishin rajista a Najeriya cikar takardu yake dubawa, ba ya zurfafa bincike kan ko abin sabo ne da gaske, saboda haka takardar kaɗai ba hujja ba ce cewa wani zai saya.

Ɗalibi shi ne wanda aka fi bari a baya. A takarda an yi masa tanadi: hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta wajabta darasin koyon kasuwanci tun wajen 2006, kuma sabuwar manhajar da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022 tana da ENT 211 a aji biyu da ENT 312 a aji uku, na biyun kan yadda ake kafa kamfani. A aikace, ɗaruruwan ɗalibai ne a zaure ɗaya, sai a kasa su rukuni-rukuni a koya musu haɗa sabulun ruwa ko ɗinkin jaka ko yin takalmi. Sana'a ba abin rainawa ba ce, ta rufa wa mutane da yawa asiri. Amma ɗalibin injiniyan lantarki da ya shekara uku yana koyon haɗa da'irar lantarki, a ce aikin kasuwancinsa sabulu ne, an raba shi da jarin da ya fi kowane ƙarfi a hannunsa. Furojet ɗin ajin ƙarshe shi ya kamata ya zama tushen kamfanin, kuma cibiyoyin koyon kasuwanci kaɗan ne ke zama da sassa su zaɓi furojet goma mafi kyau a shekara su bi su.

Jarin gaske daga wajen jami'a yake zuwa. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000 da ba a mayarwa, ana buɗe nema daga 1 ga Janairu kowace shekara. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da tallafin jari ga ɗaliban kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi da likitanci, wanda zai iya kaiwa naira miliyan 50. Dokar kamfanonin fasaha masu tasowa da aka sa wa hannu a Oktoban 2022 tana ba da lakabi na musamman ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, amma sai ga kamfani mai cikakkiyar rajista wanda bai wuce shekara 10 ba. Ga ɗalibanmu da yawa bambancin kyauta da bashi babba ne, domin ba za su taɓa kuɗin ruwa ba, kuma cibiyar da ta san aikinta za ta nuna musu tallafin kyauta da jarin haɗin gwiwa irin na musharaka da mudaraba da bankuna marasa ruwa kamar Jaiz ke aiki da su, maimakon ta miƙa musu fom ɗin bashi su watse.

Abin da ke kashe kamfanin ɗalibai ba kasafai yake zama rashin tunani mai kyau ba. Su huɗu za su fara, babu rubutu kan rabon hannun jari, kuɗi na shigowa a fara kallon juna. A rubuta tun ana dariya: kowa kashi nawa, wa ke sa hannu a banki, me zai faru da kason wanda ya tafi. Tafiyar kuma tabbas ce, don hidimar ƙasa za ta watsa su jihohi huɗu na shekara guda, sai a yanke tun kafin lokacin wa zai riƙe aikin. Da yawa sukan yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC saboda arha, daga baya su ga mai zuba jari ba zai iya sayen hannun jari a cikinsa ba. Wanda ke da burin karɓar jari ya yi rajistar kamfani mai hannun jari. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ma ya kafa, da hannun jarin da bai gaza naira dubu 100 ba. Daga nan lambar haraji, sannan asusun banki da sunan kamfanin. Masu zoɓo da kunun aya da garin yaji da man shafawa kuma su san NAFDAC sai ta ga wurin da ake sarrafawa, kuma ɗakin hostel ko madafin gida ba ya wucewa. Nan ne jami'a za ta yi babban amfani da ɗan abu kaɗan: ɗaki ɗaya mai tayil da ruwa da wuta da ya cika sharuɗɗa, ɗalibai su riƙa haya da awa. Inda babu, a gwada cibiyoyin renon fasaha na hukumar NBTI, akwai su a jihohi da yawa har da Kano. Sannan in an yi aikin da kayan ɗakin gwaje-gwajen makaranta ko a ƙarƙashin tallafin wani malami, a karanta dokar jami'ar kan mallakar ƙirƙira kafin a je gaban mai jari, don tambayar farko da lauyansa zai yi ke nan.

Idan maki za a bayar, tantancewar NRF ta ci huɗu cikin biyar, IBR uku, sakin kuɗi a cikin makarantu biyu, tallafin kamfanin ɗalibi kuma da ƙyar ya kai biyu. Ga ɗalibin da ke aji uku yanzu, hanya mafi kusa da kuɗin TETFund ita ce ya je ofishin bincike ya nemi sunayen malaman tsangayarsa da ke riƙe da tallafin NRF, ya karanta taken ayyukansu, ya nemi ɗaya ya zama mai duba furojet ɗinsa. Ta nan zai samu sinadarai da na'ura da fita fili da ba zai iya biya da aljihunsa ba. Kafin ya fara, su zauna da malamin su rubuta a shafi guda wane ɓangare na aikin ne nasa, su biyun su sa hannu, shugaban sashe ya shaida.